Luguden da Ban Auna Ba

Ni ne da laifi. Na faɗa tun daga farko don kada mai karatu ya sha wahalar nema. Taubashina, ɗan Gwaggo, ya ba ni awo in yi masa, ban yi ba, na ce na yi. A kan wannan awon ya tsai da shawarar ko a kai uwarsa asibitin Maraɗi ko a bar ta ta koma gida Kona. Ya bar ta ta koma. Bayan haka ya ɗauka lissafinsa ne ya cuce shi, ni kuwa na ja bakina na yi shiru, na bar shi da wannan zato har muka yi furfura.

Abin ya faru a shekarar fari, lokacin da soja ke mulki. Ina aiki a gidan likita na Tasawa. Ni ba lokotoro ba ne. Satifika kaɗai gare ni, daga nan na bar lakwal, wato makarantar boko. Shara aka ɗauke ni da dafa allurai. Daga baya majo, wato babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da wurin, ya ga hannuna ba ya rawa, ya koya mini ɗaurin miki da awon tansiyo, wato hawan jini. Mutanen ƙauye sun taso sun zube a bayan gari. Ana rabon jar dawar taimako, sojoji na tsaye. A biro, wato ofis, ba a cewa yunwa, sai dai a ce ƙarancin cimaka. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga shekarar shi ne safiya. Mun saba turmi ke tada gari, sai ga shi rana ta fito ba a ji ko ɗaya ba.

Taubashin nawa malamin lissafi ne a kolej. Daga Yamai aka turo shi bayan wata rigimar ƴan makaranta da ba ya son a tada zancenta. Ya ɗan girme ni. Uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka tun muna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma har yau ba a raba gardamar ba. Ni ina ce masa Mushe, kamar yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, amma da jan murya. Shi kuma yana ce mini majon tsintsiya. Bayan la'asar, idan layin marasa lafiya ya ragu, yakan zo ya zauna a benci ya sha shayinmu ya zage ni.

Wata rana ya miƙo hannu ya ce, "Zo nan bawana, auna ubangidanka."

Ga yadda ake awon. Ana naɗa ɗamara a damtse, a hura mata iska har jini ya tsaya, a sa abin saurare a gwiwar hannu, sannan a riƙa sakin iskar a hankali. Inda aka fara jin ƙwanƙwasa, nan ne lambar sama. To ran nan makullin iskar ya cije, allurar ma'aunin ta tsaya cik daidai inda bugun ke farawa. Na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai shiru. Can sai ya dawo. Sai kuma ya sake ɓacewa.

Na ce, "Abin nan ya lalace, ko kuwa kai ne lalatacce. Jininka zuwa yake yana komawa kamar mai bin bashin gaisuwa."

Ya fizge abin sauraren ya ɗaure ni da ɗamarar. Ya hura, ya tsai da allurar da gangan, ya rufe ido. Ya ce in ja numfashi. Ya ce in saki. Ya maimaita har yatsuna suka mutu.

"Mushe, hannuna."

"Yi shiru, hannun bawa ne. Ka ga, in ka ja numfashi sai ya ɓace, in ka saki sai ya dawo. Yanzu riƙe numfashin."

Na riƙe har idona ya kawo ruwa. Da ya kwance ni, fuskarsa ta zama irin ta yaron da ya tsinci ƙwai a cikin ciyawa. Ya ce ko da ba na numfashi, bugun bai daina zuwa da komawa ba, sai dai a hankali, kamar akwai wani abu dabam da ke ɗaga jinin yana sauke shi.

"To faɗa mini, majon tsintsiya. Wanne ne tansiyonka na gaskiya? Na lokacin da ya hau, ko na lokacin da ya sauka?"

Na ce, "Majo ya ce a rubuta sha biyu a kira na gaba."

Ya yi dariya har ya zubar da shayi. Amma daga ranar bai sake barin zancen ba.

Akwai wata na'ura a kabad ɗin majo. Wata likita Baturiya da ta zo tare da kayan taimako ta yi ƴan watanni da mu ta bar ta, da katon guda, wato kwali, na naɗin takarda. Da batirin mota take aiki. Ana maƙala wa mutum ƙarafa a wuyan hannu da idon sawu, sai wani tsinke ya riƙa zane a doguwar takarda mai ƙananan gidaje, tana fitowa kamar zare. Duk bugun zuciya ɗaya, tsinken ya yi tsalle ya bar tsini kamar ƙaya. Majo ba ya son a taɓa ta. Mushe ya yi masa alkawarin zai riƙa duba ɗansa a lissafin jarrabawa, sai makullin kabad ya fito.

Ni aka fara ɗaurewa. Ya ɗauko ƙaramin katakon awo na ƴan lakwal, ya auna tazarar da ke tsakanin tsini da tsini, ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta masa. Abin ya ba ni tsoro. Tazarar ba daidai take ba. Wannan ta ɗan fi, ta gaba ta ragu, ta gaba ta ƙara raguwa, sannan ta sake buɗewa.

Na ce, "Ke nan ba ni da lafiya."

"Wa ya ce maka?"

"Zuciya mai lafiya ai kamar agogo take."

"Wa ya ce maka?" ya sake tambaya.

Na rasa wanda ya ce mini. Haka dai na taso da shi.

Ya ɗauki lambobin ya ɗiga su a kan kaye, littafin rubutu mai gidaje, ya haɗa ɗigon da layi. Sai ga wani abu kamar sawun maciji a rairayi, amma karkatacce, ba shi da tsari. Na ce shirme ne. Ya ce ba shirme ba ne, lugude ne.

"Ka tuna gidan Gwaggonka da kaka? Mata uku a turmi ɗaya. Wanda ke waje ƙara ɗaya yake ji. Amma ita Gwaggo tana daga ɗaki za ta ce maka wance ce ke sauri, wance ce ta gaji. Taɓarya uku ne, kowace da takunta, kunne ne ya haɗa su. Wanga zane haka yake. Aikina in raba su."

Yadda yake raba su ya ɗauke ni kwanaki kafin in gane, kuma ba zan ce na gane duka ba. Yana da wani tsohon littafi cike da lambobi, yana ce musu sinus da kosinus. Daga ciki yake ɗauko taku guda, a ce igiyar da ke hawa da sauka duk bayan bugu huɗu. Sai ya jera ta kusa da lambobina, ya riɓanya kowace da abokiyar zamanta, ya tara. Ya ce kamar mutum ne ya tsaya gefen turmi yana tafi. Idan tafinsa ya dace da taɓaryar ɗaya daga cikin matan, kullum tare za su riƙa sauka, jimla ta kumbura. Idan bai dace da kowa ba, wani lokaci ya riga, wani lokaci ya makara, ƙari da ragi su cinye juna, a tashi babu komai. Sai ya sake taku, ya sake tafi. Haka zai yi ta yi, taku bayan taku, da alƙalamin bik da hannu. Takardar mutum ɗaya takan ci masa yamma uku ko huɗu.

Da ya gama tawa ya zana sakamakon, sai ga tudu biyu. Ɗaya yana daidai da takun numfashina. Wannan mun gane shi, shi ne wanda muka ji a ɗamara. Ɗayan kuwa mai nawa ne, a hankali yake tafiya, sai numfashi ya yi biyu ko uku kafin ya zagayo.

Ya ce, "Ta farko bugun ne da kansa. Ta biyu numfashi. To wace ce mace ta ukun nan?"

Wannan tambaya ta riƙe mu watanni. Na ce ko rai ne ke motsi. Ya ce watakila, amma rai bai kamata ya ji tsoron tsayuwa ba. Don mun gwada: idan mutum ya kwanta, tudun numfashi ke girma, idan ya miƙe tsaye, mai nawar ke girma. Shi yana zaton jijiyoyin jini ne ke matsewa suna saki, zuciya kuma tana amsa musu, tunda takun ya zo ɗaya da wanda ya ji a hannuna lokacin da na riƙe numfashi. Muka ɗaure direban motar likita bayan ya tura mota. Muka ɗaure wani mai ɗinki yana jan carbi a hankali, tudun numfashinsa ya matso ya hau kan ɗayan, suka zama babba guda. Mushe ya yi kwana biyu yana murna da wannan. Mutane na ta mutuwa a bayan gari, mu muna auna ƙaya a takarda. Na san yadda abin yake a ido. Amma ba zan ɓoye ba, a duk shekarar shi kaɗai ne abin da ke sa in ƙosa gari ya waye.

Sai muka fara ɗaure marasa lafiya, waɗanda ciwo ya ci sosai, masu kumburin ƙafa da waɗanda zazzaɓi ya kwantar. A nan abin ya juye mini. Tazararsu daidai take, tsini bayan tsini, kamar an buga da hatimi. Babu tudu ko ɗaya. Taɓarya guda ce ke daka ita kaɗai. Da dama daga cikinsu ba su tashi ba.

Ya ce, "Ga agogonka nan. Zuciyar da ta koma agogo ita ce abin tsoro."

Ban ji daɗi ba. 

Saura tambaya ɗaya. Yawancin waɗannan marasa lafiya tsofaffi ne. To ciwo ne ya kashe luguden, ko tsufa ne kawai? Sai an auna tsofaffi masu lafiya za a sani. Lokacin jarrabawa ya matso, kolej ta riƙe shi. Ban da haka, dattijo ba zai naɗe wando ya kwanta a gaban malamin lakwal mai tabarau ba, amma ni sun saba da ni, ni ke wanke musu miki. Sai ya bar mini aikin. In ɗaure duk dattijon da ya zo da ƙafarsa, wanda ya rako jika ko ya biyo daga layin dawa, in auna tazarar, in kai masa lambobi.

Na ɗaure su. Wannan kam na yi. Har akwai wasu tsofaffi biyu da suka tako daga Maijirgi suna gardamar wanda ya fi wani noma. Da rana tsaka, idan majo ya tafi gida, sai in shimfiɗa takardun in ɗauki katakon awo. A nan na tarar da abin da ban zata ba. Na samari bambancin a fili yake, ko daga nesa ana gani. Na tsofaffi kuwa ƙanƙane ne, bai kai gida ɗaya na takardar ba. Sai ka sunkuya, ka kanne ido, ka raba gidan biyu da ido. Kwanon rufi na zafi, gumi na ɗiga a takarda, cikina babu komai sai ruwan shayi. Na auna na farko, na biyu, na uku, na ga kusan ɗaya suke. Sai na cika sauran da lamba ɗaya har ƙasa. Washegari ma haka. Daga baya ko na farkon ba na wahalar aunawa da kyau.

Na daɗe ina neman dalilin da ya sa na yi haka. Gajiya tana ciki. Horon majo yana ciki, don shi a wurinsa rahoto mai kyau shi ne wanda lambobinsa suka fito sumul, ba ragowa, kada masu bincike daga sama su yi tambaya. Lakwal ma tana ciki, inda idan ka auna abu sau biyu ka sami amsa biyu, ɗaya kuskure ce kuma bulala na jiranka. Amma a can ƙasa akwai wani abu. Ina son agogona ya yi gaskiya. Dattijo mai lafiya, mai natsuwa, a ce zuciyarsa tana tafiya daidai ba tangaɗi. Na rubuta abin da nake so ya kasance.

Da na kai masa ya duba ya ɗaga gira.

"Duk ka auna su? Ɗaya bayan ɗaya?"

Na ce, "Yaushe ubangida ya fara rantse wa bawansa?"

"Ina tambayarka da gaske."

"Ni ma da gaske nake. Je ka yi tafinka."

Ya yi dariya ya naɗe takardar. Ya yi makonni yana tafi a gefen turmin da babu kowa. Bai sami tudu ko ɗaya ba. Ya ce to shi ke nan, tsufa da kansa yana sallamar matan biyu. Idan aka ga zuciyar tsoho ta zama agogo, ba alamar komai ba ce.

Gwaggo ta zo Tasawa a amalanken jaki tun da rumbunta ya ƙare, tana zaune a ɗakin ɗanta. Mace ce mai baki. Amma a watannin nan numfashi ya fara yi mata wuya. Da yamma ƙafafunta su kumbura, kuma ba ta iya barci sai a zaune, ta jingina da bango. Muka kawo ta wajen majo. Ya saurari ƙirjinta ya ce zuciya ce ta gaji, ya ba ta ƙwayoyi. Ya ce an sami isansi, wato man mota, kumandan ya sa hannu, motar likita za ta Maraɗi cikin makon, kuma akwai wurin mutum ɗaya. In muna so ya sa ta. Can akwai lokotoro da kayan aiki. In aka bar wannan, bai san ranar wata ba.

Gwaggo ta ce, "Maraɗin wa? Wa na sani can? An yi ruwa shekaranjiya. Irina na cikin tulu na binne, ban ci shi ba duk yunwar nan, sai yanzu za ku kai ni in kwanta a gadon ƙarfe?"

Mushe ya ce, "Inna, bari dai mu ɗaura miki abin nan mu gani."

"Ku ɗaure ni kamar akuyar kasuwa. Kai kuma," ta dube ni, "ɗan wana, kada ka ja mini wuta. Na san ka tun kana lalata mini kaji."

Takardarta shi ya auna da hannunsa, da tsinin allura, don kada ya yi kuskure. Zuciyar na sauri, tazarar kuwa daidai, kamar zaren da aka ja aka ɗaure. Na ga hannunsa ya tsaya. Sai ya ɗauko lambobin da na kawo masa ya jera kusa da nata. Ya daɗe yana kallo. Kafaɗunsa suka sauka.

"Iri ɗaya ne da na tsofaffin nan na Maijirgi, masu takowa da ƙafarsu. Tsufa ne. Ga ƙwayoyi majo ya bayar." Ya juyo. "Kai mi ka gani?"

Ina tsaye a bakin ƙofa. Abin da zan ce bai fi numfashi ɗaya ba: ban auna na Maijirgi ba. Da na faɗa, da ya koma kan abin da ya gani a marasa lafiya, kuma na san shi, da ya ɗauki uwarsa ya sa a mota ko tana zaginsa. Amma majo na wurin, Gwaggo na wurin.

Na ce, "Ni na ga tsohuwa ta fi ka lafiya. Kai ne ya kamata a kai Maraɗi a duba kanka."

Gwaggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Aka ba wani wurin a mota. Ita ta koma Kona a amalanke, ta tono tulunta, ta yi shuka. Geron bai fid da kai ba ta rasu. An ce zama ta yi a bakin gona ta ce a ba ta ruwa.

Bayan an share makoki ya zo gidan likita da la'asar kamar kullum. Bai zauna ba. Ya ajiye katakon awon a kan teburina.

"Riƙe, ka riƙa kashe ƙuda. Majo ya ce zuciya ta gaji, na ji da kunnena. Amma na fi yarda da wasan yara. Na auna uwata da wasan yara."

Ba a daɗe ba aka mai da shi kolej ɗin Mayahi. Ya ci gaba da koyarwa, amma bai sake taɓa littafin sinus don wani abu nasa ba.

Ni kuwa son sani bai bar ni ba. Wata rana na kira tsohon mai gadinmu, wanda ya girmi Gwaggo kuma yana iya sare itace, na ɗaure shi. Na ari gilashin ƙara girman abu da majo ke cire ƙaya da shi, na auna kowace tazara da tsinin allura, na ɗiga a kaye yadda na ga ana yi. Ban iya riɓanyawar ba, amma ban buƙace ta ba. Sawun macijin yana nan. Ƙarami ne, kamar na ɗan jariri, amma yana hawa yana sauka. Na sake da wani dattijo, haka. Matan ba su tafi ba, dakansu ne ya yi sanyi. A ƙirjin Gwaggo ne suka tafi.

Na buɗe gwangwanin da na zuba takardun tsofaffin farko, in sake auna su. Zafin kwano ya ƙone su, sun yi baƙi ƙirin, ba a ganin ko tsini ɗaya. Na tuna na ji wani sanyi a raina lokacin, don babu mai iya kama ni. Wannan sanyin ma yana cikin abin da nake neman gafara a kansa.

Shekaru suka wuce. Soja suka tafi, suka dawo, suka sake tafiya. Muna haɗuwa wajen suna da jana'iza, yana ce mini majon tsintsiya ina ce masa Mushe. Sau ɗaya na gwada. A wani ɗaurin aure a Atantane na ja shi gefe na ce, "Na taɓa yi maka ƙarya."

Ya ce, "Sau ɗaya tak? Jama'a ku zo ku ji, bawana ya tuba, zai fara lissafa ƙaryarsa. A kawo tabarma, za mu kwana nan."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Wahalar taubashi ke nan. An ce babu laifi tsakaninku, duk abin da ka yi masa wasa ne. To wanda ba a iya yi masa laifi, ta ina za a ba shi haƙuri? Da wannan al'ada na yi ƙaryar, kuma a bayanta na ɓuya.

Bara tansiyo ya kai ni Yamai. Aka rataya mini wata ƴar na'ura a ƙirji na yini da ita. Da na mayar, wata likita, yarinya sa'ar ƴata, tana juya takardun da injin ya fitar, sai na hango wani zane a ƙasan shafi. Tudu biyu.

Na ce, "Ƴata, wannan na dama numfashi ne?"

Ta ɗago ta dube ni. "Baba, a ina ka sani?"

Ta ce injin ne ke raba su, kafin a ƙifta ido ya gama. Ta ce mai nawar yana da alaƙa da yadda jiki ke daidaita hawan jini. Idan tudun suka kwanta sukan lura, amma ba shi kaɗai suke dubawa ba, sai an haɗa da sauran alamu. Na tambaye ta na tsofaffi. Ta ce yana raguwa da shekaru, amma ga nawa nan, ai ina gani. Na ba ta labarin Gwaggo a taƙaice, na ce da an kai ta Maraɗi da ta rayu? Ta ce wannan Allah kaɗai ya sani. Na roƙe ta shafin ta ba ni.

Ban biya gida ba, Mayahi na wuce. Na same shi da hantsi a ƙarƙashin bedi, itacen dogon yaro, a ƙofar gidansa. Ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni. A hanya na yi ta tunanin yadda zan fitar da maganar daga cikin wasa, na ga hanya ɗaya ce. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na zo na durƙusa a ƙasa, ba a kan tabarmarsa ba.

Ya ce, "Allahu akbar. Yau bawa ya san matsayinsa. A kira maƙwabta su shaida."

Ban rama ba. Tun muna yara ban taɓa barin zaginsa ya faɗi ƙasa ba. Ya jira. Da ya ji shiru, ya gyara zama ya cire tabarau.

Na sa masa shafin a hannu na ce, "Yaya, ba wasa ya kawo ni ba. Ga tudunka biyu, inji ne ya zana su, kuma na tsoho ne, nawa ne. Lissafinka daidai yake tun ran farko. Tsofaffin Maijirgi ban auna su ba, lamba ɗaya na cika maka. Ka tambaye ni na yi maka ƙarya. Ran da ka jera su kusa da na Gwaggo ina tsaye, na sani, na yi maka ba'a. Ban san ko Maraɗi za ta tashe ta ba. Amma ni na hana ka zaɓa da idonka a buɗe, kuma na bar ka kana zargin kanka da aikinka duk shekarun nan. Ba a matsayin taubashi nake roƙonka ba. Na cuce ka, na cuci Gwaggo. Don Allah, Yaya, ka yafe mini."